Tsohuwar Takarda da Lissafin Masara: Inda Kuɗi Yake ga Mai Tara Littattafai

Duk wanda ya tashi a Danja ya san kayan gona iri biyu ne a wajen ciniki. Akwai wanda ba ya jiran kowa, kamar tumatir: in an tsinke shi yau, gobe dole ya hau mota, ko nawa kwando ya yi a kasuwa. Akwai kuma wanda ake sa wa magani, a ɗinke bakin buhu, a jingine a ɗaki kamar masara, sai ta yi daraja a kai Dandume ko Funtuwa. Da wannan ma'auni muke auna kusan kowace haja. Shi ya sa lokacin da labari ya zagaya wayoyi cewa a watan Afrilun 2024 an sayar da wata tsohuwar mujallar yara a Amurka a kan dala miliyan 6, mujallar da aka saya kwabo goma na Amurka a 1938, lissafin da ya fara zuwa zuciyar mai jin labarin shi ne lissafin masara: a saya da araha, a ajiye, a jira. Wannan lissafi kuskure ne, kuma ya karya jarin mutane masu yawa a ƙasar da labarin ya fito. Akwai kuɗi a tara tsofaffin littattafai da mujallu, har a nan kudancin Katsina, amma yana wurin wanda ya san abin da yake tarawa kuma yake yi wa mutane hidima da shi. Wanda ya kulle akwati ya zauna jiran ranar da zai wayi gari attajiri, zai daɗe yana jira.

Mujallar da ake magana a kanta ita ce fitowa ta farko ta Action Comics, wadda a cikinta aka fara nuna jarumin nan Superman. Irin waɗannan littattafai Turawa ke kira komik, wato labari ne da ake bayarwa cikin jerin zane-zane, maganar kowane mutum tana rubuce kusa da bakinsa. An buga kwafi kusan 200,000 na wannan fitowa, amma waɗanda ake jin sun rage a duniya yau ba su wuce kamar 100 ba. Ina sauran suka tafi? An buga su a takarda mai araha irin ta jarida, yara suka karanta suka yayyaga, iyaye suka share suka zubar. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka riƙa bi gida-gida ana karɓar tsofaffin takardu don masana'antu. Bayan yaƙi kuma aka taso wa littattafan da zargin suna lalata tarbiyya, har aka tara su aka cinna musu wuta a wasu garuruwa a 1948, kuma a 1954 majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kansu. Saboda haka tsadar kwafin da ya tsira ta samo asali ne daga halakar 'yan'uwansa. Sai aka ƙara da abu biyu: yaran da suka tashi da waɗannan labarai sun girma sun yi kuɗi suna begen yarintarsu, sannan finafinai sun mayar da jaruman sanannu a ko'ina. Haka ya faru da mujallar 1962 da Spider-Man ya fara fitowa a cikinta, wadda aka sayar da kwafinta ɗaya dala miliyan 3.6 a 2021.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ba a cika yaɗawa ba. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 jama'ar Amurka suka ji irin waɗannan labarai na tsada, sai kowa ya shiga saye don ajiya. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, suna fitar da labari ɗaya da bango iri-iri don mai saye ya sayi duka. Fitowar farko ta sabon jerin X-Men a 1991 ta sayar da kwafi fiye da miliyan 8. A ƙarshen 1992 aka fitar da labarin mutuwar Superman, mutane suka yi dogon layi, wasu suka sayi goma-goma suka sa a leda ba su ko buɗe ba. Da suka zo sayarwa sai suka tarar kowa yana da nasa, sabo fil, babu mai nema. Kasuwa ta faɗi, dubban shaguna suka rufe, kuma a watan Disambar 1996 kamfanin Marvel da kansa ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi. 'Yan kasuwar hatsi na yankin Funtuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayanin wannan, domin a 2025 sun ga yadda farashin masara ya zube ya bar waɗanda suka cika ɗakunan ajiya da asara. Bambancin kawai shi ne masara ko ta faɗi ana tuƙa tuwo da ita, amma takardar da babu mai so ba ta da wata makoma sai ƙunshi. Abin da kowa ya ajiye ba ya tsada. Abin da ke tsada shi ne wanda kowa ya raina ya zubar, mutum ɗaya ya adana.

Akwai wani abu kuma da ke riƙe da farashi a can wanda mu ba mu da shi, wato tsarin kasuwa da aka yarda da shi. Tun 1970 ake buga littafin farashi na Overstreet da masu saye da sayarwa ke dubawa. A shekarar 2000 aka kafa kamfanin CGC, wanda aikinsa shi ne ya duba lafiyar kowane kwafi, ya ba shi maki daga rabi zuwa 10, ya rufe shi a cikin roba mai hatimi. Kwafin da aka sayar dala miliyan 6 makinsa 8.5 ne, kuma da yagagge ne da kuɗinsa bai kai kusa da haka ba. Ga kuma manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da ke Dallas, masu karɓar la'adarsu a kowane ciniki. Matashin Danja ko Bakori da ya ce zai shiga wannan kasuwa ta intanet zai saya da dala, ya biya kuɗin aikowa da dala, ya mayar da littafin Amurka a duba shi da dala, sannan ya yi gogayya da mutanen da suka shafe shekara arba'in suna wannan sana'a a ƙofar gidansu. Ga jabu, ga kwafin da aka yi wa kwaskwarima aka ɓoye aibinsa. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma hukuncina a kansa a fili yake: kada wanda ya sayar da amfanin gonarsa ya zuba a ciki.

To me ya rage mana? Abin da ya rage ya fi wancan kusa, kuma mun fi kowa saninsa. Dattawan da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 suna tuna mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga 1968 zuwa wajen 1972, mai ɗauke da labarin jarumi Lance Spearman cikin hotuna, da 'yar'uwarta Boom. Daga Legas kuma Wale Adenuga ya fara fitar da Ikebe Super a 1976, inda Papa Ajasco ya fito kafin ya koma talabijin. Waɗannan su ne komik ɗin da suka ratsa hannun 'yan makarantar Arewa, kuma samun cikakken kwafinsu yau sai an tona. Amma babbar taskarmu tana cikin ɗab'in Hausa ne, wanda cibiyarsa a Zariya take, maƙwabciyarmu ta kusa. Daga gasar rubutu ta 1933 aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Magana Jari Ce ta fito a ƙarshen shekarun 1930 cikin littafi uku, da zane-zanen da har yau wasu ke tunawa fiye da labaran. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya, a shekarun 1950 hukumar NORLA ta cika Arewa da ƙananan littattafai da jaridun larduna don yaƙi da jahilci, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC ya zo a 1966. Sabon bugun Ruwan Bagaja yana nan a kasuwa kuma ba shi da wata tsada. Amma tsohon bugu mai tambarin Gaskiya, ko jerin jaridar na shekara guda ba giɓi, ko ƙasidun yaƙi da jahilci da aka raba wa ɗaliban dare a ƙauyuka, waɗannan wani abu ne daban, kuma a gidajen tsofaffin malaman firamare da ma'aikatan En'e da malaman gona suke, in gara ta bar su.

Sai dai abin da ya fi kama da tarihin komik na Amurka, kamar an tsaga kara, shi ne littattafan hikaya na zamani da suka ɓarke daga tsakiyar shekarun 1980. Marubuta ne suka riƙa buga su da kuɗin aljihunsu, a takarda mai araha, kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ana baza su daga kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa kowane lungu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Yankinmu yana tsakiyar wannan tarihi ta ɓangarori biyu. Daga Funtuwa Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta rubuta Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe, waɗanda da wuya a sami ɗakin amaryar wancan zamani da babu su. Daga Malumfashi kuma Farfesa Ibrahim Malumfashi ya fito, wanda ya yi fice wajen sukar ingancinsu kuma ya yaɗa sunan da ya bi su, Adabin Kasuwar Kano. Ibrahim Sheme, wanda ya buɗe shafukan jarida ga wannan muhawara kuma ya kafa mujallar Fim a 1999, shi ma ɗan wannan shiyya ne. An raina littattafan, an hana 'yan mata shiga makaranta da su, kuma a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Sauran kuma masu ƙosai da masu tsire suka gama da su. Takarda mai saurin lalacewa, raini, wuta, da tsara guda ta masu karatu da yanzu sun manyanta suna begen abin da suka karanta a ɗakin uwa: duk sharuɗɗan da suka sa wancan kaya ya yi ƙaranci sun cika a kan wannan. An taɓa ganin haka a Nijeriya. Ƙananan littattafan kasuwar Onica da ake sayarwa 'yan kwabbai kafin yaƙin basasa ya rusa kasuwar, yau a sashen adana kayan tarihi na jami'o'i irin ta Kansas ake zuwa karanta su.

Mai hankali zai ce, to an ji sun yi ƙaranci, amma wa zai saya? Ƙaranci shi kaɗai ba ya kawo kuɗi in babu mai nema. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta ita ce masu nema suna nan, sai dai ba su da yawa kuma ba masu biyan miliyoyi ba ne. Na farko su ne ɗalibai da malamai. Akwai sassan nazarin Hausa a jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kwalejojin ilimi, kuma kowace shekara ana rubuta kundaye a kan waɗannan marubuta. Ɗalibin da aka ba nazarin littafi mai kashi huɗu ya sami uku, zai biya don ya sami na huɗun. Na biyu manazarta na waje. Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan, tare da Malami Buba da William Burgess, sun wallafa jerin sunayen irin waɗannan littattafai da suka fito tsakanin 1987 da 2002, fiye da 700, kuma an adana tarinsu a can. In har jami'a a Ingila ta ga ya dace ta kashe kuɗi ta tara su, to ba shara ba ne. Na uku su ne masu bege, mata da mazan da suka karanta su suna 'yan shekara sha, yanzu suna da albashi ko shago. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, marubutan ne da iyalansu, domin wanda ya buga littafi da kuɗinsa shekara talatin da suka wuce, ya yi ƙaura sau biyu ko uku, ba lalle ne a ce yana da kwafin kansa ba.

Daga nan hanyoyin samun kuɗin suke fitowa, kuma mafi tsufa a cikinsu ita ce haya. Matan aure sun daɗe suna yin ta a cikin gidaje, yara na kai wa da karɓowa, haka ma masu teburi a bakin kasuwa. Lissafinta mai sauƙi ne: in kuɗin haya kashi ɗaya cikin goma na kuɗin littafin ne, a fita ta goma ya mayar da uwar kuɗi, abin da ya biyo baya riba ce, kuma littafin yana nan. Illarta ita ce haya tana cin littafi, don haka mai wayo yana raba kayansa biyu, kwafin da ke yawo da kwafin da ba ya fita ƙofa. Hanya ta biyu ita ce haɗa abin da ya warwatse. Kashi na biyu shi kaɗai kusan ba shi da daraja, haka na ɗaya, amma wanda ya sayi wannan a Funtuwa ya samo wancan a Zariya ya haɗa cikakken labari, ya ƙirƙiri abin da babu shi a da, kuma haƙƙinsa ne ya ci ribar wahalarsa. Haka yake ga mujallun Fim da Tauraruwa: fitowa ɗaya takarda ce kawai, amma jerin shekara biyar a jere tarihin Kannywood ne. Ta uku ita ce dillanci, wato a ba ka suna ka nemo, ka karɓi la'ada, ba tare da ka daskarar da jarinka a kaya ba. Ta huɗu ita ce buɗe tarin ga masu bincike su zo su zauna su duba su biya wani abu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gina bene. Amma duk suna da sifa ɗaya: kuɗin yana biyo sani ne. Wanda ya san wane bugu ne na farko, wane littafi ne bai sake fitowa ba, wace marubuciya ake nazari a bana, shi zai ga daraja a buhun da wani zai sayar a kan kilo.

Wani zai ce waya ta riga ta kashe takarda, yanzu a WhatsApp da Wattpad da YouTube ake karatu da sauraro. Gaskiya ne masu karatu sun koma can, kuma haya ta ja baya saboda haka. Amma wannan ƙaura ita ce ta sa aka rage buga na takarda, wato ita ce ke ƙara musu ƙaranci, kuma wayar ce ta ba mai zama a Danja damar ya nuna hoton bangon littafi ga mai nema a Maraɗi ko Kumasi ko Jidda cikin minti ɗaya. Sannan abin da ke intanet ba shi da tabbas kamar yadda ake zato. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Takardar da ke cikin adaka ba ta rufewa don wani kamfani ya gaza. A nan ne kuma babbar jarrabawa take, domin hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi ita ce mutum ya ɗauki hoton shafukan littafin wani ya riƙa sayarwa a waya, ko ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Wannan cin haƙƙi ne, ko da mutum da kuɗinsa ya sayi kwafin. Sayen littafi yana ba ka takardar, bai ba ka labarin ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka ayyukansa suna da kariya har 2051, balle marubutan da ke raye suna fama da kuɗin magani da na makarantar jikoki. Hanyar halal tana nan kuma ta fi ɗorewa: mai tari ya nemi marubuciya ko magadanta, ya ce ga kwafin da ya tsira, a yi yarjejeniya a rubuce a sake bugawa ko a karanta a murya, a raba abin da aka samu. Cewa tsohon labari yana iya sabuwar rayuwa ba zato ba ne, tunda a 2012 wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi. Kuma a lokacin da Legas ke da taron masu komik tun 2012, har labarin Iwaju na matasan Kugali ya kai ga Disney a 2024, mai zanen Hausa da zai mayar da tsofaffin labaranmu cikin zane zai fara ne da neman wanda ya adana su.

Duk wannan ya dogara ne a kan kayan su rayu. A 1977 aka gano tarin wani mutum mai suna Edgar Church a birnin Denver, mujallu kusan 20,000 da suka shekara da shekaru a jere kamar jiya aka buga su, kuma busasshiyar iskar wurin tana cikin abin da ya tsare su. Hunturunmu yana yi mana irin wannan alheri, damina ce abokiyar gaba, ita da gara da kyankyaso da ɓera. Littafi ba ya son ƙasa kuma ba ya son jikin bangon ƙasa, a ɗora shi a kan katako ko a sa a akwatin ƙarfe da aka ɗaga. Kada a ɗaure shi a leda da laima a jikinsa, kada a shanya shi a rana tsaka, kada a liƙe yagewa da salatif domin yana cin takarda ya bar tabo. Ƙarfen da aka ɗinke tsakiyar littafi da shi yana tsatsa, a riƙa dubawa. Sannan a sami littafin rajista a rubuta sunan kowane littafi da marubucinsa da maɗaba'a da shekara da kashi na nawa ne da aibin da ke jikinsa. Tarin da ba shi da rajista tsibi ne kawai, ba a iya tallarsa kuma ba a iya gadonsa.

Saura magana mafi nauyi, wadda ba ta kamata a yi mata gaggawa ba. Akwai iyaye da malamai da ke ganin yawancin waɗannan littattafai hira ce marar amfani, wasu ma suna koya wa yara abin da bai dace ba, don haka neman kuɗi da su taimakawa ne a kan ɓarna. Ba za a musa cewa a cikinsu akwai na banza ba, kamar yadda akwai masu faɗa da auren dole da zaluntar mata da hana 'ya mace ilimi. Mai ba da haya yana da alhakin abin da ya miƙa wa 'yar shekara goma sha uku, kuma ya kamata ya tace. Amma adanawa daban take da yaɗawa. Wanda zai rubuta tarihin yadda Hausawa suka yi tunani a kan aure da kishi da arziki a ƙarshen ƙarnin da ya wuce yana bukatar mai kyau da marar kyau duka a gabansa, har masu sukar ma ba su da hujja in babu littafin da za su nuna. Mu kuma jama'a ce da ta gaji girmama takarda, daga gafakar malam zuwa kundin da ake gadon kaka da kakanni. Wannan gado ne ma ya sa dole a ja layi. Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke gidajen malamai ba haja ba ne irin littafin soyayya. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba, kuma akwai hanyar da ba ta raba gida da gadonsa, kamar shirin da ɗakin karatu na Birtaniya ke gudanarwa tun 2004, inda ake ɗaukar hoton takardu a bar na asali a hannun masu su. Ko a littattafan ɗab'i, in abu ya zama shi kaɗai aka sani ya rage, ya fi kyau a fara yi wa Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya ko hukumar tarihi da al'adu ta Katsina tayi kafin a tura shi ƙetare. Haka nan sanin da ke kawo riba bai halatta a yaudari marar sani ba. Wanda ya je gidan marigayi malamin makaranta ya ga abu mai daraja, ya gaya wa iyalin gaskiya ya biya su abin da ya dace, in zai sayar kuma ya bayyana shafin da ya ɓace. A kasuwar da babu kamfanin ba da maki, amanar dillali ita ce hatimin.

Gaskiya ne kuma cewa a yankin da tsadar taki da matsalar tsaro suka hana mutane barci, maganar tsofaffin littattafai tana iya zama kamar ta wanda ya ƙoshi. Shi ya sa ba a ce kowa ya bar gona ko ya taɓa kuɗin iri ba. Wannan sana'ar gefe ce, jarinta ƙarami ne, kuma ta fi dacewa da wanda dama yana son karatun, domin shi ne zai jure shekarun da babu ciniki. Ga malamin makaranta, ga ɗalibar Hausa, ga uwargidan da ta riga ta tara adaka guda tun tana amarya, abin da ake bukata shi ne a fara da na gida: a fito da su kafin damina ta kama, a karkaɗe, a jera kashi-kashi, a rubuta sunayensu, a tambayi maƙwabta da dangi abin da ke ƙarƙashin gadajensu. Masu gida kuma, kafin ku miƙa wa mai ƙosai buhun takardun mahaifinku ko ku cinna masa ashana ranar shara, ku kira wanda ya iya karatu ya duba muku abin da ke ciki.